Kunya a Wurin Ciniki: Abin da Ya Same Ni Tsakanin Marwa da Duwala

Sana'ata albasa ce. Ina sayenta a hannun manoman Koza da Mora da ƙauyukan da ke kewaye da Marwa, a arewacin Kamaru, idan an cire ta da rani, in ajiye wani kaso har farashi ya ɗaga da damina, in tura sauran kudu, inda babbar kasuwarmu ita ce Sandaga a Duwala. Tafiyar ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, ko mota ta bi ta Garwa da Ngaundere da Bertuwa har Yawunde, ko a sauke kaya a tashar Ngaundere, wadda layin dogo ya iso a 1974. Albasar da ta saba da busasshiyar iskarmu ba ta jure danshin Duwala, saboda haka kowane ciniki yana rataye ne a kan tambayoyi uku: wa zai biya kuɗin mota, wa zai ɗauki asarar abin da ya ruɓe, kuma yaushe kuɗi za su shigo hannu.

A nan arewa ban taɓa shan wahalar magana ba. Da Hausa da Fulatanci nake ciniki, na san yadda ake cire takalmi kafin a hau tabarmar manomi, a tambayi iyali da gajiya da ruwan rijiyar lambu, a sha shayi, sannan a taɓo zancen buhu. Manomin da ya sunkuyar da kai ya ce "to" bai sallama ba, ya dai nuna cewa ya ji, kuma har sai ya ce "Allah ya sa albarka" a gaban dillali ciniki bai faɗa ba. Wannan duk ɗan kasuwar Marwa ya san shi, ba sai na tsaya a kai ba.

Matsalata Faransanci ne, wanda nawa bai wuce na gaisuwa da lissafi ba. Da na samu sabuwar mai saye a Duwala, ɗaya daga cikin manyan matan nan masu saro kaya su sayar da ake kira bayam-selam, sai na tura ɗan ƙanena tare da kayan, yaro mai ilimin boko da natsuwa, wanda na amince da shi a kan kuɗi har gobe. Motar ta samu tangarɗa a hanya, kayan suka isa a makare, buhunan ƙasa sun fara ruwa. Matar ta sa aka farke kaɗan daga ciki, ta ɗaga murya, tana kallonsa ido cikin ido, tana nuna shi da yatsa, ta ce ba za ta karɓi kayan ba sai an cire mata kuɗin duk abin da ya lalace, kuma kuɗin mota da na masu sauke kaya suna kanmu. Yaron ya ga mace sa'ar mahaifiyarsa tana faɗa a bainar jama'a, sai ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai: ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, ya ce mata da Faransanci, "Ba matsala, Mama."

Wannan kalma guda ita ce ta cinye ribar motar baki ɗaya, ta kuma taɓa uwar kuɗi. Da na kira shi ina tambayar dalilin da ya sa abin da aka turo ta Orange Money, wato hanyar aika kuɗi ta waya, bai kai ba, sai ya ce, "Wallahi Baffa, ban yarda da komai ba, so na yi ta huce kafin mu yi magana." Na gaskata shi, domin ni ma da kunnen Bahaushe haka zan fahimci maganar. Ita kuwa ta ji amincewa ƙarara, daga bakin wakilin mai kaya, a gaban shaidu, har ta sa ya maimaita mata a saƙon murya na WhatsApp, shi kuma ya maimaita saboda ladabi.

Abokan sana'a sun yi ta ce mini kunyar mara kunya asara ce, amma ban yarda matar ta cuce ni ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin da zamba ce da na san wanda zan yi fushi da shi. Ɗaga murya a Sandaga tayi ne, ba zagi ba. Ta faɗi sharaɗinta mafi tsanani tana jiran a mayar mata da martani daidai da shi, a ja, a daidaita a tsakiya, sai ta tarar ba wanda ya ja. Daga baya, da muka saba, ta gaya mini ta bakin tafinta cewa da yaron ya tsaya a kan a raba asarar biyu, da ta yarda. Ta ƙara da cewa sunkuyar da kan da ya yi ya sa ta zaci mun san kayan sun lalace tun daga Marwa muna ɓoyewa. Abin da muke ɗauka girmamawa ne, ita alamar rashin gaskiya ta gani a ciki.

Na kai maganar wurin wani dattijo da ya daɗe yana kai kaya kudu, ina tunanin ko akwai hanyar ƙara. Ya ce, "Alhaji, da me za ka je? Muryar ɗanka tana hannunta." Wani masanin shari'a ya tabbatar mini cewa a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, waɗanda Kamaru da Cadi suke bi tun bayan yarjejeniyar 1993, ana iya kafa hujja tsakanin 'yan kasuwa ta kowace hanya, har da saƙon waya. Dattijon kuma ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, amma mu muna jin nauyin cewa a rubuta, kamar neman takarda zargin mutum ne.

Yanzu mota ba ta tashi daga Marwa sai an amsa tambayoyin nan uku a rubuce, da lambobi, ba da baki kaɗai ba. Lambobin suna da muhimmanci saboda mu da dala muke lissafi, wato sefa 5, abokan cinikinmu na Kusiri da Njamena da riyal, wanda shi ma sefa 5 ne, mutanen kudu kuma da sefa ɗai-ɗai, kuma a waya mai yankewa kowa yana jin adadin da ya fi masa daɗi. Ina sa a ɗauki bidiyon buhunan lokacin lodi, a tura wa mai saye, shi ma ya turo nasa lokacin saukewa. Idan aka gama magana sai in sa a karanta wa kowa abin da aka tsayar, in jira ya amsa da kansa. Shiru ba na ƙirga shi a matsayin amsa, nawa ko na wani.

Wakilina kuma, ko wane ne shi, ina gaya masa iyakar ikonsa kafin ya hau mota, kuma na hana shi furta "ba matsala" a wurin da ake maganar kuɗi. Abin da zai ce shi ne ya ji, zai kira mai kaya. Wannan jimla ba ta zubar da mutuncin kowa, tana kuma ba shi damar barin wurin hayaniya ya yi tunani. Gaisuwa da miƙa hannun dama da kiran mace Mama duk suna nan, ban ce a rage komai daga ciki ba.

Kallon ido ne har yanzu ban ci nasara a kansa ba. Na zaunar da yaron na ce ya dube ni ya faɗi farashi ba tare da ya kawar da kai ba, sai ya kasa, ni ma na ji abin banbaraƙwai, domin ni na koya masa akasin haka tun yana ƙarami. A ƙarshe mun tsaya a kan cewa idan zai faɗi adadi a Duwala ya ɗaga kai, ya faɗa da murya mai ƙarfi, ya nuna takardar da yatsa, idan ya dawo Marwa kuma ya gaishe ni yadda ya saba. Matar nan har yanzu tana sayen albasata, kuma a yarjejeniyarmu ta bana asarar hanya rabi nawa ce, rabi nata.