Dubu goman da ta ɓace a lissafina ta fito

'Yan uwa masu koyo, daren jiya sai wajen ƙarfe ɗaya na kwanta, amma alhamdu lillahi abin da ya hana ni sakat mako biyu ya warware.

Naira 200,000 ni da Yayana muka zuba a hatsi, muna sarowa a Dawanau. Ba ma taɓa ribar, kan uwar kuɗi take komawa. Shekarar farko mun ci kashi 30 cikin 100. Ta biyu masara ta faɗi bayan mun cika sito, muka yi asarar kashi 20. Ta uku muka farfaɗo da kashi 25. Sai na tara: 30 a cire 20 a ƙara 25, 35 ke nan, na ce wa Yaya ribarmu 70,000 ce. Da muka ƙirga abin da ke hannu, 260,000 muka gani. Dubu goma ta yi ɓatan dabo. Bai ce komai ba sai "sake dubawa dai, ƙanena", amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ashe kashi ba a tara shi, ninkawa ake yi. Asarar nan ba kan 200,000 ta sauka ba, kan 260,000 ce, wato 52,000 ta ci, ba 40,000 ba. Ribar shekara ta uku kuma kan ragowar 208,000 ta hau, ta ba da 52,000. To ribar kashi 30 ninkawa ce da 1.3, asarar kashi 20 da 0.8, ribar kashi 25 da 1.25: 1.3 × 0.8 × 1.25 = 1.3. Kashi 30 ne cif.

Inda na fi shan wuya shi ne fitar da matsakaicin kashin ribar kowace shekara. Na raba 30 gida uku, na samu 10. Da na gwada 1.1 sau uku sai ya kai ni 266,200. Bai yi ba. Na koma manhajar lissafi ta Excel na rubuta =(260000/200000)^1/3-1, ya nuna min asarar kashi 56.7! Kwana huɗu ina zargin wayata, har datar dubu biyu na ƙona wajen kallon bidiyo. Baka biyu ne kawai babu: ^(1/3). Ina sa su sai ga 0.0914, wato kashi 9.14 a shekara. Na ninka 1.0914 sau uku a kalkuleta, 1.3 ya fito. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna.

Abin da ke cin raina yanzu, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, mu kuwa 9 muke tafiya a shekara. Ina jin nan ma rabawa za a yi, ba ɗebewa ba. Wanda ya taɓa gwadawa ya nuna min yadda ya jera nasa.