Godiya ga waɗanda suka mayar da ni kan dandamali

Assalamu alaikum. Yau kwana huɗu ke nan da taron ranar Asabar, sai yanzu na samu sukunin yi muku godiya. Ni ke faɗa, autata ke bugawa a waya, don likita ya ce in rage kallon haske tukuna. In kun ga kuskure, ku tuhume ta.

Alhamdu lillahi, aikin yanar ido ya yi kyau. Shekara biyu na yi ina gane mutane da murya, in an yi mini sallama sai in amsa in jira a ƙara magana. Waɗanda suka haɗa kuɗin aikin sun roƙe ni kada in ambaci sunansu. Na ji, amma Allah ya san ku, ya saka muku da mafificin alheri. Likita da ma'aikatan jinya, na gode. Uwargida kuwa, wadda ta riƙa ɗiga mini magani a kan lokaci tana faɗa in na motsa kai, tsakanina da ita sai addu'a.

Batun Asabar ne ya fi tsaya mini a rai. Ce mini aka yi walima ce kawai, in zo in ci shinkafa. Da aka ja labule sai ga wani yaro da bai wuce ashirin da biyar ba, ya sha gemun auduga, ya shafa hoda a gira, yana ƙirga kwabbai yana ɓoyewa a cikin hula. Wallahi ni ne, marowacin maigidan haya da nake fitowa a matsayinsa a wasanmu na talabijin a da. Har ɗan tarin da nake yi kafin in hana mai haya bashi bai bari ba. Na fara dariya, ban san lokacin da ta koma hawaye ba, ga ido sabon aiki, uwargida na ta zungura ta.

Abin da ya sa ya taɓa ni shi ne, wasan nan babu shi a ko'ina. Na fara wasan daɓe a makaranta a 1979, daga nan ƙungiyarmu ta samu shiga talabijin. A lokacin Samanja na tashe a NTA Kaduna, ga Kasimu Yero, ga Karkuzu a Jos. Su muke kallo mu ce ko za mu kai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu: Kasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Ba a ba mu rubutaccen wasa. Furodusa zai zaunar da mu a gindin bishiya ya faɗi labarin, ya ce kai ne maigida, ke ce kishiya, sauran magana kowa ya nemo a bakinsa. Kaset kuma tsada gare shi, in an nuna shiri a wannan mako, sai a ɗora wani a kansa. Haka yawancin abin da muka yi ya tafi. Ni kaina ba ni da ko minti ɗaya da zan nuna wa jikokina.

To yaran nan a ina suka samo? Ashe gida-gida suka bi, suna tambayar iyaye da kakanni abin da suke tunawa. Wannan ya ba da tarin, waccan ta ba da zancen hula. Wata tsohuwa ma, in ji su, cewa ta yi har yanzu ba ta yafe wa marowacin nan ba. Ban yi mamaki ba, don an taɓa hana ni sayen tumatir a kasuwa saboda shi.

'Ya'yana na ƙungiya, na gode. Da finafinan bidiyo suka shigo daga 1990 muka ga kamar an gama da daɓe, ni ma na yi ta faɗin haka, kun ƙaryata ni. Gyara ɗaya dai: kuna juya wa 'yan kallo baya da yawa, kuma makirufo ya sa kun daina ɗaga murya. Ku zo gida mu yi magana.

Abokan wasana da suka taso daga nesa, wani da sanda, wani jika na riƙe da hannunsa, Allah ya bar zumunci. Mai ɗakin taro da ya ƙi karɓar ko sisi, masu kujeru, matan unguwa da suka kwana a kan tukunya, da yaron da ya tsaya kan janareta har aka tashi, duk ina godiya. Wanda na manta ya yafe mini, tsufa ne.

Roƙo ɗaya gare ni. Duk wanda ke da tsohon kaset na bidiyo a gida da ya taɓa naɗar shirinmu daga talabijin, ko ya yi ƙura, ko ɓera ya taɓa kwalin, don Allah ya yi wa autata magana a nan. Yaran sun ce akwai mai iya juya shi zuwa waya.