Aikin hannu na lokacin sanyi da yadda yaran ajina suka fara rubutu

Ni dai duk shekara in sanyi ya kankama nakan rage ba yara fensir in ƙara musu almakashi da gam, wasu iyayen har su zo su ce Malama ya muka ga yaran nan sai yanke-yanken takarda suke, ina rubutun? To wallahi rubutun kenan suke koyo. Yaro ɗan shekara 5 hannunsa bai gama ƙwari ba, kuma babban yatsa da manuniya da na tsakiya da yake matsa almakashi da su, su ne dai za su riƙe fensir gobe. Da safe ma in akwai sanyi yatsun a sandare suke zuwa, sai mun fara murza auduga da yayyaga takarda tukunna hannun ya sake.

Abin da muka fi daɗewa a kai bana shi ne yanka siffar ƙwayar dusar ƙanƙara. Na fara nuna musu hotunan Wilson Bentley, wani manomi a Amurka da ya fara ɗaukar hoton ƙwayar tun 1885, ya tara sama da 5,000, muka ƙirga tsinin tare, shida ne. Naɗin da ke fitar da tsini shida yana maida takarda ninki 12, yaro ba zai iya yankawa ba in mai kauri ce, don haka marar kauri nake nema kuma ni nake naɗe musu, su nasu yanka ne kawai. In suka warware kowa da irin tasa, sai ihu. A nan nake cewa to kowa ya sa sunansa a baya kar ta ɓace, kuma ba wanda ya taɓa ce min ya gaji, saboda abinsa ne yake so ya kare.

Wanda na fi so kam shi ne na farar kala. Yaro ya rubuta harafin farko na sunansa da farar kala a kan farar takarda, ba a ganin komai, sannan ya shafa shuɗin fenti mai ruwa-ruwa a kai, maiƙon kalar ba ya karɓar ruwa sai harafin ya fito fari tas. Akwai wata yarinya a ajin da in na miƙa mata fensir sai ta ɓoye hannu a ƙarƙashin tebur, ranar ta danna kalar da ƙarfi har ta karye, fentin na sauka ta ga harafinta ta ce Malama kin ga, ni na yi! Ta nemi wata takardar, ta sake nema. Har yanzu in na tuna sai na ji daɗi a raina.

Bayan kowane zane ina tambayarsu me ka zana, rubuta min a ƙasa. Abin da ke fitowa kala-kala ne, wani jagwalgwalo ne kawai amma daga hagu zuwa dama yake tafiya, wani ya jero haruffa barkatai, wani kuma da ya liƙa auduga a hular da ya zana ya rubuta "hl", wata ta rubuta "sny" tana nufin sanyi. Wannan ba shirme ba ne fa, yaron ya ji sautin baƙaƙen da kunnensa ya nemo haruffansu da kansa, wasulan ne suka rage kuma suna tafe. Ba na sa jan biro a kai ko kaɗan. Ƙasa da nasa nake rubuta cikakkiyar kalmar da fensir, ƙanana, mu karanta tare. Haka in ya juya b ta koma d ba na tada hankali, a shekarun nan abu ne da aka saba gani, sai mu je tiren yashi ya zana da yatsa yana faɗin sautin.

Ba ma sabon abu ba ne, Friedrich Fröbel da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara irin tamu suna Kindergarten a Jamus a 1840 naɗe takarda da yankata suna cikin ayyukan da ya tsara wa yara, a makarantar ƙananan yara ta Maria Montessori kuma a Rum yara da yatsa suke bin haruffa masu kaushi kafin su kama fensir.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne malami ya yanka komai ya ba yara su liƙa yadda ya nuna, bango ya yi kyau amma duk iri ɗaya, kuma in ka ce yaro ya rubuta wani abu a kai ba shi da abin cewa tunda ba nasa ba ne. Gara karkataccen da ya yi da hannunsa.

Kowane aiki ina sa masa kwanan wata in ajiye a fayil ɗin yaron, in iyaye sun zo sai in jera na farkon sanyi da na ƙarshensa a tebur su duba da idonsu, yawanci daga nan tambayar da suke min ita ce wane irin almakashi za su saya wa yaron a gida, sai in ce mai dakusasshen baki, in kuma bahago ne a nemo masa na hagu.