Wutar batir ba ta jan mutum, amma tana cinye mota

A Turai da Amurka da Ostireliya, mutane kan sayi motar kaya irin Mercedes Sprinter ko Fiat Ducato ko Ford Transit, su sa mata gado da firij da fitilu da wurin girki, ta koma gida mai tafiya. Duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gidansa zai ga kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinsa. Sai dai mota ba ɗaki ba ce. Kullum cikin jijjiga take, bodinta gaba ɗaya ƙarfe ne da ke haɗe da baƙar wayar batir (mai alamar -), kuma a cikinta mutum zai kwanta barci, wani lokacin har da yaransa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne volt 12. Ka dafa kan batir da hannu, ba abin da za ka ji, sai ka ɗauka ba haɗari. Alhali ƙarancin volt ɗin nan shi ne tushen matsalar, domin idan volt ya yi ƙasa dole amp, wato yawan wutar da ke bi ta waya, ya hau kafin a sami ƙarfin da ake so. Butar lantarki mai wat 1000, a gidan da ke kan volt 230, amp huɗu da ɗoriya take ja. Ita dai wannan butar, ka jona ta a inbata mai shan wuta daga batirin volt 12, abin da zai bi ta wayar batir ya kusa amp 95. Amp kuwa shi ke dafa waya. Shi ya sa inbata mai wat 1000 ke son waya mai kaurin 25 zuwa 35mm², mai wat 2000 kuma wajen 70mm², kuma a girke ta kusa da batir, kada tsawon ya wuce mita ɗaya da rabi.

Ko ƙananan kaya ma, siririyar waya na cutarsu. A ce firij na jan amp 5, kuma tsakaninsa da akwatin fis mita 5 ne. Wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka mita 10 za ka lissafa. A waya mai 1.5mm², kusan volt 0.6 zai zube a hanya. A mai 4mm², abin da zai zube bai fi 0.2 da 'yan kai ba. Bambancin kamar ba komai, amma da asuba, lokacin da batir ya ja baya, kwamfuresar firij za ta yunƙura ta tashi, volt ya faɗi ƙasa da iyakar da aka sa mata, ta mutu, can anjima ta sake gwadawa. Mai mota ya yi ta zagin firij, har ya canza batir, alhali laifin waya ne. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100.

Irin wayar ma abin dubawa ne. Wayar gida mai sanda ɗaya ba ta da wurin zama a mota, jijjiga za ta karya ta a bakin maɗauri. Mai silili da yawa ake so, ta tagulla zalla. Akwai wata mai araha da ta cika kasuwa, alminiyam ce aka yi wa rufin tagulla. Kankare silin da wuƙa: in ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu.

Yanzu sai fis, kuma a nan ne na fi ganin sakaci. Ba firij ko fanka fis yake karewa ba, waya yake karewa. Don haka da kaurin waya ake zaɓensa: ya ɗara abin da kayan ke ja, amma ya gaza abin da wayar za ta iya ɗauka. Wurin zamansa kuma dab da jan kan batir, wato mai alamar +. Dokar wayoyin jiragen ruwa ta Amurka, wadda masu haɗa irin waɗannan motoci suka ara, ta ce kada ya wuce inci 7, kimanin santimita 18. Dalili a fili yake. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. Ranar da gefen ƙarfe ya cinye robarta ta taɓa bodi, ɗaruruwan amp za su kwararo, kafin ka ce kwabo ta yi jawur a bayan katako da soso. Duk inda waya za ta ratsa hudar ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta kada ta riƙa lilo. Wayar da ta haɗa batirin ɗaki, mai ba kayan ciki wuta, da batirin tada inji kuwa fis biyu take so, ɗaya a kowane kai, tunda kowane ɓangare na iya turo wuta. Mai batirin litiyam ya nemi fis irin Class T a babbar waya, don shi ke iya yanke irin ambaliyar da litiyam ke saki.

Girman batir lissafi ne, ba kintace ba. Firij a lokacin zafi zai sha wajen 48Ah a kwana ɗaya (Ah shi ne amp sau awa), fankar rufi 16, fitilu 5, cajin waya da kwamfuta 10. Kusan 80Ah ke nan. Batirin AGM, wato rufaffen batirin dalma da ba ya zuba, mai 100Ah rabinsa kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko, don haka biyu za a saya. Litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah guda ɗaya zai ɗauke nauyin, amma ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0 na ma'aunin Celsius. Batirin ruwa mai tsayi da aka saba gani a gidaje bai dace ba sam: ga nauyi, ga zubar asid a gargada, ga iskar haidurojin da yake fitarwa a inda ake kwana.

Kada a haɗa batirin ɗaki kai tsaye da na tada inji. A da rile ake sawa, makunnin da ke haɗa su da kansa in inji ya tashi, amma sababbin motocin Turai masu ma'aunin hayaƙi na Euro 6 altanetarsu, wadda ke cajin batir, kan rage volt da kanta, rile ya yi ta kamawa yana saki. Litiyam kuma hadama gare shi, zai iya zuƙar altaneta har ta ƙone, musamman in mota na tsaye inji na aiki. Caja ta DC-DC mai amp 30, wadda ake sawa tsakanin baturan biyu tana daidaita cajin, ta raba wannan gardama. Wajen sola kuma, a fara jona kwanturola da batir kafin a kawo wayar farantin sola.

Ɓangaren volt 230 shi ne mai kisa nan take. Wayoyinsa su bi hanyarsu daban, a sa na'urar RCD mai 30mA, wadda ke yanke wuta in ta fara yoyo ta jikin mutum ko ƙarfe, a kuma sa makunnin sauyi don kada wutar inbata ta haɗu da wutar layi da ake jonowa daga waje. Wannan aikin a bar wa ƙwararre.

Idan an gama haɗi, kunna duk kayan su yi rabin awa, sannan ka bi mahaɗan volt 12 ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. Wanda ka ji ya ɗau zafi, ko noti bai ɗauru ba ko ba a matse kan wayar da kyau ba. Cire baƙar wayar batir, ka gyara shi a ranar. Bayan tafiyar farko mai nisa, sake bin notikan da sufana, domin hanya na kwance su.