Gwiwar Umma

Talata, Jos

Mako 8 ke nan da aka sa wa Umma gwiwar ƙarfe, amma har yau a kan kujera take sallah, ƙafar a miƙe kamar taɓarya. Daga Unguwar Rogo zuwa asibiti ita kaɗai ta cinye kujerar bayan mota, ga sanyin safiya ya ƙara sankarar da ita.

Likitan ƙashi ya auna lanƙwasar: digiri 70. Ya ce aƙalla 90 ake so kafin zama da tashi su yi sauƙi. Tabo ne ya ɗaure gaɓar ta ciki. Ba yanka za a sake yi ba, da hannu zai lanƙwasa ƙafar har tabon ya saki, kuma aikin ya fi ci cikin wata 3 na farko. Sai dai ba a yi wa mutum haka yana jin ƙafarsa.

Nan ya haɗa mu da likitar allurar barci, wata mai haƙuri. Ni na riga na yanke hukunci tun a gida: allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ita aka yi wa Umma a tiyatar farko, ta tashi lafiya, ba amai ba jiri. Likitar ta ce hakan ma daidai ne, amma ƙafafun za su jima ba su dawo ba, wani lokaci fitsari ya riƙe. Maganin barci gaba ɗaya kuwa gajere ne, don aikin 'yan mintuna ne, illarsa tashin zuciya da maye. Kowanne aka zaɓa, za ta ƙara wata allura a cinya ta kashe jijiyar zafi, don a fara motsa gwiwar da wuri. Ta tambayi maganin tsinka jini har sau biyu, ashe mai shansa ba a yi masa allurar baya kai tsaye.

Umma dai shiru, tana jan carbi. Can ta ce, "'Yar nan, wancan karon duk na ji bugun gudumarku. Wannan ma zan ji?"

"Mama, za ku iya jin ƙara kaɗan."

"To a sa ni barci."

Wallahi ban taɓa sanin ta ji ba. Wata biyu muna kwana ɗaki ɗaya, ba ta faɗa ba. Na haɗiye bayanin da na haddace daga intanet.

Aikin ranar Alhamis ne, da safe. Ba abinci awa 6 kafin a shiga. A mota ta tambaye ni ko kunun gyaɗa ma abinci ne. Na ce mata shi ne ma babba.