Baƙar waya da farar waya a Odesa

Shekarar da na sauka Odesa, a yammacin jihar Tekzas, wato 2019, hayar ɗaki ta fi ƙarfina. Garin na masu haƙar mai ne, kowa ya kwararo neman kuɗi, masu gidaje kuma suna yanka yadda suka ga dama. Aikin da na samu jan babbar mota ne, ina kai yashi rijiyoyin mai. Wani abokin aiki ya ce in daina wahalar da kaina, in sayi tsohon gidan tafi-da-gidanka irin wanda ake ja da a-kori-kura, wanda a nan suke kira RV, in kama fili a sansani kamar yadda ma'aikata da yawa suke yi. Na saya. Da na tura hoto gida, Inna ta yi shiru na kwana biyu, sannan ta sa aka tambaye ni ko gaskiya ne a cikin mota nake kwana.

Abin da mai sayarwar bai tsaya ya koya mini ba shi ne, wuta iri biyu ce a cikin gidan nan. Akwai ta gari, mai bolt 120, rabin ƙarfin tamu ta Najeriya, wadda nake jonowa daga wani ɗan turke da ke gefen filina. Ita ke ba soket-soket da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama abinci. Sannan akwai ta batir, mai bolt 12, kuma ita ke riƙe da ran gidan: fitilu, famfon ruwa, ƙwaƙwalwar firij, da fankar hitar gas mai ɗumama gidan. Tsakaninsu akwai wani akwati da ake kira kwanbata. Mu a gida inbata muka sani, mai ɗaukar wutar batir ta mayar da ita ta gari idan NEPA sun ɗauke. Kwanbata kishiyarta ce: tana karɓar ta gari, ta sauke ta zuwa ta batir, ta ciyar da fitilu, ta kuma yi wa batirin caji.

Darasin farko na turken ne. Nawa mai amp 30 ne, iyakarsa wat 3,600. Ranar da na kunna hitar lantarki biyu na ƙara da butar shayi ta lantarki, bireka ta faɗi. Wannan bai ba ni wuya ba, na fita na ɗaga ta, na koyi yin abu ɗaya bayan ɗaya.

Na biyun ne ya kusa sa in tattara kayana. A watan Disamba tsohon batirin ya mutu, na sayo sabo. Da na buɗe akwatinsa a gaban gidan sai na ga wayoyi biyu, baƙa da fara, babu ja. Na riga na cire su ban ɗauki hoto ba. Na kira yayana a Kaduna ta bidiyo, shi da ya shekara ashirin yana aikin riwaya a Panteka. Awa bakwai ne tsakaninmu a lokacin sanyi, na same shi ya idar da isha'i.

Na ce, "Yaya, duba mini nan, wacce ce fosatif?"

Ya ce, "Haba, kai ma ka sani. Baƙa ai nagatif ce a ko'ina. Ɗaura farar a fosatif."

Ina taɓa ta sai tartsatsi, da wata 'yar ƙara daga ciki kamar an taka gyaɗa. Na janye hannu. Na bi farar wayar da ido, na ga ashe a jikin ƙarfen gidan aka ɗaure ta. A irin waɗannan gidajen na Amurka sau da yawa tsarin wayar gini suke bi, ba na mota ba: baƙa ce mai wuta, fara ce ta ƙasa. Na juya su, fitilu suka kawo, muka yi hamdala, Yaya ya tafi barci.

Dare na uku sanyi ya tashe ni wajen ƙarfe biyu. Fitilu sun yi ja kamar aci-balbal, na'urar da ke sansano yoyon gas tana ta ƙyat-ƙyat, hita kuma tana juya fanka a hankali ba ta kama wuta. Gas ne take ƙonawa, tulun kuma cike yake, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Daga baya na gane cewa idan fankar ba ta yi gudun da zai tura wani ɗan maɓalli a hanyar iskar ba, hitar ba za ta yarda ta kunna ba. Duk wannan kuwa wayata tana caji a soket lafiya lau. Na kwana cikin rigar sanyi biyu da safa, na yi alwalar asuba da ruwan gora.

Da safe na kira wani mai gyara. Kuɗin zuwansa kawai, kafin ya taɓa komai, ya haura dala 100, kuma sai bayan kwana huɗu. A Kaduna da yaro zan aika, kafin shayi ya huce mai gyara ya iso. Nan ne abin da ya fi ba ni wuya a ƙasar nan: kaya da araha, hannun mutum da tsada.

Maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin Meziko mai aikin walda, ya gan ni tsugune gaban batir. Bai yi dogon zance ba, ya koma ya ɗauko mitar awon ƙarfin wuta. Ya fara da turke, ya samu 120. Ya duba birekar kwanbata a ciki, tana tsaye. Ya ɗora mitar a kan batir, 11.4. Ya ce cikakken batir da ke hutawa 12.6 yake nunawa, idan kuma kwanbata na aiki ya kamata a ga wajen 13.6. Ya sa na zare wayar turken na mayar, lambar ba ta motsa ba. Wato kwana ukun nan sabon batirina kaɗai nake tatsa, babu mai zuba masa.

Sai ya tambaye ni ko na taɓa juya wayoyin batir. Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya, ya durƙusa ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin firij, ya nuna mini fis biyu kore, masu amp 30, zaune a gefe su kaɗai. An sa su ne musamman saboda irina: idan aka juya batir, su ƙone, kwanbata ta tsira. Ya zare su ya ɗaga a haske, zaren cikinsu ya tsinke. Muka kashe wuta, muka sa sababbi na 'yan daloli. Mita ta haura 13.6, wata ƙaramar fanka a cikin akwatin ta fara kuka. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ranar Lahadi na kai masa dafa-duka, ya ce yajin bai kai nasu ba.

Tun daga nan na sayi mitata, na naɗa jan salatif a jikin baƙar wayar, kuma ba na barin batir ya sauka ƙasa da 12.1, don yawan tatse shi ne ke kashe shi. Ina duba ruwansa duk wata.

A Fabrairun 2021 ƙanƙara ta rufe Tekzas, miliyoyin mutane suka yi kwanaki ba wuta. Sansaninmu ma ya yi duhu. Masu manyan gidaje suna rawar ɗari, ni kuwa da tulun gas da batir, sai ɗan janareton dattijon nan da muke karɓa-karɓa da shi don caji, hitata ba ta tsaya ba. Na kira Kaduna na ce, "Yaya, NEPA sun ɗauke a Amurka." Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in sake nuna masa wayoyin nan, don har yau bai yarda akwai ƙasar da baƙa take fosatif ba.