Kafin ka ce a ƙara mata gudu, zo mu leƙa ƙarƙashinta

Kusan duk wanda ya shigo garejina da tsohuwar motar gudu da bai daɗe da saye ba tambayarsa ɗaya ce, oga me za a sa mata ta ƙara wuta? Wani tun bai kashe injin ba ya fara lissafo min kayan da ya gani a intanet, kafireta Weber, salansa mai ƙara, faffaɗan taya, sitiyarin katako. Ni kuma sai in ɗauko jak da tocila in ce ranka ya daɗe zo mu leƙa ƙarƙashinta tukuna, in mun fito ma yi wancan zancen.

Garejin namu ƙarami ne, mu biyar ne duka, ni da mai walda da mai rewaya da yara biyu masu koyo, kuma tsofaffin motocin gudu kawai muke taɓawa, su MGB, Triumph TR6, Datsun 240Z, Mercedes SL, jifa-jifa Porsche 911 irin mai shan iska wadda ba ta da lagireto. Mota uku muke karɓa a lokaci guda, ba ma wucewa, don na taɓa tara bakwai a lokacin da nake ganin yawan aiki shi ne ci gaba, ƙarshe kowa ya ji haushina kuma suna da gaskiya, motar mutum ta yi wata takwas a kwance ba a ɗaura mata ko noti ɗaya ba.

To maganar tsatsa ita ce farko, kuma ita ce ke kashe waɗannan motoci ba injin ba. Injin ko ya buga za a sauke shi a yi boring a sa sabon fistin da ringi ya dawo kamar jiya aka ƙera, aiki ne sananne mai iyaka. Amma tsatsa ba ka san inda ta tsaya ba sai ka yanka. Ɗauki MGB, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, sama da 500,000 aka yi. Ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa, kuma a irin buɗaɗɗiyar da ba ta da rufi ƙarfin duka yana cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙasan ƙofa dama da hagu, wanda ba falle ɗaya ba ne, akwai na waje akwai na tsakiya akwai na ciki duk an haɗe su da walda. Na wajen zai iya yin ƙyalli alhali na tsakiyar ya zama gari.

Akwai wata jar MGB da wani bawan Allah ya kawo mana, fenti kamar ka ga fuskarka a jiki, shi so yake a sa mata giya biyar. Na ɗora maganaɗisu a ƙasan ƙofar direba ya zame ya faɗi ƙasa, na sake ɗorawa gaba kaɗan ya sake faɗuwa. Na sa jak na ɗaga ta ta gefe na ce yallaɓai buɗe ƙofar nan, ya ja ya ja ta ƙi buɗuwa, motar ta lanƙwashe ta matse ƙofar. Da muka kankare wurin filar da aka cusa ta kai kaurin yatsa, a bayanta kuma ragar waya ce aka toshe ramin da ita, ina taɓawa da sukundireba tsatsar na zubowa a hannuna kamar busasshen ganye. Mutumin nan ya yi shiru ya fi minti biyar, har ga Allah na tausaya masa don da zuciya ɗaya ya sayi motar. Wata huɗu muka yi muna yanka muna walda, sai da muka ɗaure bodin da ƙarfe ta ciki kafin mu yanka don kar ta karye a tsakiya. Giya biyar ɗin sai bayan shekara ya waiwaye ta.

Kowace mota da inda take ruɓewa. TR6 tana da shasi daban, sai ka duba baya inda hannuwan tayar baya suka kama shasin. 240Z ƙarƙashin batir da daɓen ƙasa da ƙarafan da ke bin ƙarƙashinsa. 911 kuwa sai wajen 1976 Porsche suka fara yi wa bodin gaba ɗaya rufin zinki, don haka waɗanda suka girmi wannan shekarar a yi musu kallon tsanaki. Masu MGB dai sun yi sa'a, tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodi da ainihin na'urorin ƙira da aka yi na asali da su, in abin ya wuce gyara akwai mafita.

In bodi ya yi lafiya sai birki da duk wani abu na roba. Nan ne mutane ke raina abin, su ce ai motar ba ta yi tafiya da yawa ba. Roba ba ruwanta da tafiya, shekaru take ƙirgawa. Tiyon birki yana kumbura ta ciki ba ka gani, ka taka ya kama ya ƙi saki ko ya ja ka gefe guda. Man birki DOT 4 yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake zubar da shi duk shekara 2 ko an hau ko ba a hau ba, kuma kar wanda ya haɗa maka shi da DOT 5 na silikon, ba sa gauraya. Taya kuma duba lamba huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefenta, in ka ga 2309 ana nufin sati na 23 a 2009. Na sha ganin taya zanenta cif kamar sabuwa amma ta bushe ta yi tauri kamar itace, irin wannan in ruwa ya sauka ba abin da za ta riƙe. Wadda ta kai shekara 10 ba na barin ta fita daga garejina a jikin mota, in mai ita ya ƙi sai in ce to ya zo da motar ja ya ɗauka.

Tiyon fetur shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Fetur ɗin yanzu a ƙasashe da yawa akwai etanol a ciki, Birtaniya ma ta koma E10, wato fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100, a 2021, kuma etanol yana cin tsohuwar roba yana kuma jan ruwa cikin tanki in mota ta daɗe a ajiye. A yawancin MGB kafiretocin SU guda biyu suna zaune ne daidai saman bututun hayaƙi, faranti ɗaya ne tsakaninsu. Ka ga kenan ɗigo kaɗan ya isa. Duk motar da ta shigo mana muna canza tiyon zuwa mai lambar R9 ko mai ita bai tambaya ba, kuma ina roƙon kowa ya ajiye abin kashe gobara inda hannunsa zai kai yana zaune, ba cikin but ba.

Bakin mai kuma ba wanda ya fi tsada ne ya fi dacewa ba. Injinan nan an yi su da sarari a tsakanin ƙarafansu, yawancin na Ingila 20W-50 suke so, kuma mai ɗauke da sinadarin zinki da ake kira ZDDP saboda kamshaf ɗinsu gugar ƙarfe da ƙarfe yake yi, man motocin zamani an rage masa wannan sinadarin. Sannan ka koyi halin taka motar. 911 mai shan iska ana auna manta ne injin na aiki ya yi zafi a kan shimfiɗaɗɗen wuri saboda man a tanki daban yake, wani ya auna da safe a kashe ya ga kamar babu ya ɗura lita uku, ya iso mana hayaƙi ya turnuƙe bayansa yana cewa injin ya tafi, alhali mai ne kawai ya yi yawa. TR6 kuma sa wani ya taka kuloci kai kana kallon fulin gaban injin, in ka ga yana motsi gaba da baya sosai to wasoshin da ke tare kiranshaf sun cinye, a yi maza kafin su faɗo cikin kwanon mai su ɓata bulok.

Sai abin da nake ta nanatawa har yarana sun haddace, a hau mota. Ajiya tana lalata su fiye da tafiya, sil ya bushe, birki ya kame, kuloci ya manne, fetur ya yi tsami a kafireta. Kuma tayar da ita a gareji minti biyar a kashe bai da amfani, ruwa kawai kake tarawa a salansa da cikin mai. Fita da ita ka yi rabin awa ko fiye har komai ya ɗau zafi. Ni shawarar da nake ba sabon mai mota ita ce bayan an gama bodi da birki da roba ya yi wata shida yana hawanta yadda take, ya sa ɗan littafi a aljihun gaba yana rubuta duk abin da ya dame shi. Mafi yawansu in sun dawo jerin farkon nan ya ragu saura abu biyu ko uku, don sun gane rashin jan da suke kuka da shi ba ƙarancin ƙarfi ba ne, tayimin ne ya goce, bawul ba a saita ba, kafireta biyun ba sa numfashi tare. Kafireta SU in aka daidaita ta aka zuba ɗan mai a kofin samanta tana da daɗi ƙwarai, ban ga dalilin cire ta a motar da kan titi kawai za ta yi yawo ba.

Ba wai ina ƙin gyaran zamani ba ne fa, ina yi kullum. Wanda na fi yarda da shi shi ne wanda kamfanin da kansa ya yi daga baya bayan ya gano kuskurensa. Porsche a 1984 suka kawo abin ɗame sarƙar tayimin mai aiki da matsin bakin mai, kuma ana ɗaura shi a tsofaffin 911, wannan ko ba ka tambaya ba zan ce ka yi. Mercedes 380SL na farko-farko da aka kai Amurka sarƙa mai layi ɗaya ce da su, daga baya aka koma mai layi biyu, shi ma a bi sahu. Bayan su sai ƙananan da ba a gani, a cire kwantak a sa na lantarki cikin distiributa irin su Pertronix, ko a sa distiributar lantarki ta 123ignition, ka huta da saiti, a sauya dinamo da altaneta, a sa wa fitilun gaba rile don wutar ta daina bi ta cikin tsohon makunni, a wanke lagireto ko a sake masa ciki, a sa bel mai kyau. Amma a nan a kula, MGB kafin 1967 fositif ne ke haɗe da bodi ba negatif ba, kuma har wajen 1974 batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru, wanda bai sani ba ya ɗaura kayan lantarkin zamani nan take zai ƙone su. Mai yawan doguwar tafiya kuma obadiraib na Laycock, wato ƙarin giya ta sama, ko giyabos mai giya biyar irin Ford Type 9 zai sauke masa kukan injin, wannan kuɗin ba a banza ya tafi ba.

Sharaɗina ɗaya ne, duk abin da za mu canza ya zama ana iya mayar da shi. Ba na yanka dashbod don a sa allo, ba na huda bodi don faɗaɗa wurin taya, kuma duk abin da muka cire ko kwantak ne sai an wanke an sa a kwali an rubuta sunan motar an miƙa wa mai ita. Injin asali mai lambar da ta dace da takardun mota ko ya fashe kar ka yar, ajiye shi a lungu, ranar sayarwa za ka gane amfaninsa. Kuma in dai har za a ƙara ƙarfi to birki da shokazoba da bushin su riga shi, wannan ba na sassautawa. Akwai wanda ya so in dasa masa babban injin a 240Z alhali ƙarafan ƙasanta sun ruɓe, na ce Alhaji ka yi haƙuri ba da hannuna ba, ya yi fushi ya ɗauke motarsa. Na rasa aikin, kuma har yau in na tuna motar nake ji ba kuɗin ba, don irinta ba a ƙara yi tun 1973.

Wajen kayan gyara araha ba ta ado, na sa sabon kwandensa daga kwali ya mutu a sati biyu, na sa bushin roba da ya tsage kafin shekara, shi ya sa sau da yawa na fi son in gyara tsohon na asali in dai zai gyaru. Wannan na sa aiki ya yi jinkiri kuma ina faɗa wa mutum tun ranar farko, tare da cewa kiyasin da na ba shi na abin da ido ya gani ne, in mun buɗe mun tarar da wani abu zan ɗauki hoto in tura masa kafin mu taɓa. Kai ma ka nemi haka daga duk bakaniken da za ka kai wa, hoto da rasit da kayan da aka cire, ka haɗa su a fayil ɗaya tare da littafin gyaran motar na kamfani.

Jar MGB ɗin nan tana zuwa sabis duk shekara, yanzu haka ma tana kan jak ana canza mata man birki. Na sa ƙaramin yarona ya ɗaga ta ta gefe ɗaya kamar wancan karon na ce buɗe ƙofar mu gani, ya sa yatsa biyu ya ja ta buɗe, ya mayar ta rufe ƙyas.